Sayen Waya Tsaka-Tsaki: A Duba Kafin A Biya

 

Wannan mako za mu ajiye maganar girki da reno tukuna, mu ɗauki wata magana da ke cin kuɗin mata da yawa a ɓoye, watau sayen waya. Abin da ya jawo maganar kuwa wata takarda ce da wata 'yar'uwa ta aiko mini daga Sandamu. Ta ce ita mai ɗinki ce, tana kuma sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida. Wata goma ke nan tana zubin adashi, ga shi kwasarta ta zo. Tana so ta bar ƙaramar waya mai madannai ta sayi babba irin ta shafawa, don ta riƙa aika wa masu ciniki hoton kaya. Ƙanenta ya ce ta sayi wannan, abokiyar zamanta ta ce ta sayi waccan, mai shago kuma ya ce duk ba su kai wadda ke hannunsa ba. Kuɗinta ba su kai na manyan wayoyi ba, ba ta kuma son 'yar araha. Shin wace za ta saya?

To, 'yar'uwa, ba zan kama sunan waya guda in ce ita za ki saya ba. Masu ƙera wayoyin nan ba su hutawa, bayan 'yan watanni sai sun fito da sabuwa, wadda na yaba yau kafin Sallah mai zuwa ta zama tsohon yayi. Abin da zan ba ki shi ne hanyar dubawa, wadda za ta yi miki amfani bana, ta kuma yi miki baɗi. Sauran 'yan'uwa su ma su matso kusa, don na san ba ke kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Ku tuna yadda mu ke yi in za mu sayi tunkiyar kiwo. Ko yaro mace ta aika kasuwar Mai'adua ran Lahadi, sai ta ja masa kunne: a buɗe bakinta a duba haƙora, a taɓa hantsa, a kora ta a ga ko tana ɗingishi. Ba mai sayen tunkiya don kyan gashi. Haka nan atamfa, sai mun murza gefenta mun ga ko kauri ne na gaskiya ko kuwa sitaci ne. Amma abin mamaki, ranar da za mu sayi waya, wadda sau da yawa ta fi tunkiya kuɗi, sai mu bar wannan wayo duka a gida. Mu dubi launi, mu ƙirga idanun kamara da ke baya, mu miƙa kuɗi. Ga mai sana'a kuwa waya jari ce kamar keken ɗinki, saboda haka a duba ta yadda a ke duba jari.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa na ke magana da ƙarfi. Shekarar da na gama kwalejin horon malamai na tara 'yan kuɗi daga koyar da yara darasin yamma, na ba wani ɗan'uwa ya sayo mini waya a birni. Abin da na ce masa kurum shi ne, mai ruwan zinariya, mai kamara uku. Ya kuwa kawo ta yadda na ce, ba kwali ba rasit, wai mai shagon ya yi masa ragi. Wata biyu ina taƙama. A na uku ta fara cewa wuri ya cika, alhali kuwa an ce mai giga 128 ce. A na biyar batir ya kumbura har ya ɗaga murfi. Da na kai wa mai gyara ya buɗe, sai ya girgiza kai ya ce, “Malama, ai wannan jabu ce. Kamara ɗaya ce ke aiki, biyun nan ado ne.” Ba rasit, ba wurin kai ƙara. Gwaggona da ta ji labari ta ce, “'Yar nan, da karatunki da komai aka yi miki cinikin biri a sama?” Ban sami abin cewa ba.

KUƊI TUKUNA

Manyanmu za su tuna, cikin watan Agusta na 2001 aka fara wayar salula irin ta GSM a Nijeriya, sa'ad da kamfanin MTN da na Econet, wanda daga baya ya zama Airtel, suka buɗe aiki. A lokacin nan layi kaɗai ya kan ci naira 20,000 ko fiye. Yau layi ya yi araha, wayar ce ta yi tsada. Dalili kuwa, daga waje a ke kawo wayoyin, galibi daga ƙasar Sin, da dala kuma a ke sayo su. Cikin watan Yuni na 2023 Gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ke wajen naira 460 a banki, sai ga ta cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin waya ya bi ta a guje. Saboda haka in wata ta ce miki ita kaza ta sayi tata tun kafin wannan sauyi, kada ki yi tsammanin mai shago cutar ki zai yi. Zamani ne ya juya.

A cikin 2025 sababbin wayoyin shafawa sun kasu kamar kashi uku. Akwai na ƙasa, waɗanda ke kewayen naira 100,000. Akwai na tsaka-tsaki, daga wajen naira 150,000 zuwa 350,000. Daga nan sai manya, waɗanda su kan hau har su wuce naira miliyan ɗaya. Ku tuna mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka cikin Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau wayar tsaka-tsaki daidai ta ke da albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu zuwa biyar. Kun ga ke nan ba abin da za a saya da ka ba ne.

Ga wani ɗan lissafi irin na aji huɗu. Wayar naira 120,000 da ta gaji cikin shekara guda, kowane wata ta ci miki naira 10,000. Wayar naira 240,000 da ta yi shekara uku, watau wata 36, abin da ta ci kowane wata bai kai naira 7,000 ba. Wace ce mai araha a ciki? Sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma fa kada wannan lissafi ya ja ki zuwa ga ta miliyan. Aikin da ke gabanki, watau kira da hoto da WhatsApp da tura kuɗi, ta tsaka-tsaki za ta yi shi sarai. Babbar kuwa in ta faɗi fuskarta ta fashe, kuɗin gyaran kaɗai ya isa ya sayi wata sabuwar waya, ga shi kuma ita ɓarawo ya fi sa wa ido.

Bayan wannan, kada ki zuba kwasar adashin duka a kan waya. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin goma don riga da gilashin kariya da data. Ita ma data ta ƙara kuɗi, don cikin Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su yi ƙari har rabin kuɗin da a ke biya a da. Waya ba data kamar fitila ce ba mai.

BATIR

Abu na farko da za a duba a ƙasarmu shi ne batir. Kowa ya san halin wutar lantarki, yau a kawo gobe a ɗauke, a ƙauyuka da yawa kuma sai an kai wa mai caji an biya. A jikin kwali za ki ga wata lamba da haruffa mAh a gefenta, ita ce girman batirin. Kada ki yarda da abin da ya gaza 5,000. Wannan shi ne zai kai ki daga asuba zuwa bayan isha'i, in ba kallo kika wuni kina yi ba.

Sa'an nan ki tambayi ƙarfin caja, ana auna shi da wat. Cajar wat 10 ta kan ɗauki wajen awa uku kafin ta cika irin wannan batir. Ta wat 33 kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci ta gama. In wutar awa ɗaya aka kawo muku cikin dare, kin ga bambancin ba kaɗan ba ne. Waɗansu kamfanoni sun daina sa kan caja a cikin kwali, sai igiyar kurum, to ki tambaya tun kafin a yi ciniki, don caja mai kyau ita ma kuɗi ce. Ki kuma zaɓi mai bakin caji na yanzu da a ke kira taif-si, wanda ba shi da gaba ba shi da baya, don shi ne za ki samu ko'ina in taki igiyar ta lalace.

Babban maƙiyin batir zafi ne. Mu kuwa nan daga Maris zuwa Mayu zafin ya kan haura digiri 40. Kada a bar waya a rana a kan taga, kada a ajiye ta kusa da murhu, kada a tura ta ƙarƙashin matashi tana caji. In kika ga bayanta ya fara tashi kamar fanke, ki daina sa ta a caji nan take, ki kai ta gyara, don batirin da ya kumbura ya kan kama da wuta.

RUMBU DA FAIFAI

Nan ne masu shago suka fi ruɗa mu da lambobi, alhali abin ba wuya. Waya tana da ma'aji iri biyu. Na farko shi ne memori, wannan kamar rumbu ne, a nan hotuna da bidiyo da saƙonni su ke zaune. Na biyu shi ne ram, wannan kamar faifai ne da a ke ɗebo hatsi a kai a yi aiki. In rumbu ƙarami ne, da wuri zai cika. In faifai ƙarami ne, aiki zai yi ta tsaiko, ki taɓa waya ta tsaya tana kallonki.

Rumbun kada ya gaza giga 128. Mai 64 za ta yi miki daɗi wata uku, daga nan bidiyon biki da na suna da wa'azin da a ke turowa a zaurukan WhatsApp su cika ta, ki koma kullum kina goge wannan don ki ɗauki wancan. Ki kuma sani tun daga kwali manhajojin kamfani sun riga sun cinye wani kaso na rumbun. Faifan kuwa, giga 4 shi ne na ƙarshen talauci, 6 ya yi daidai, 8 ya wadatar.

Ga wata dabara da ya kamata ku gane. A jikin waɗansu kwalaye za a rubuta 4+4 ko 8+8, mai shago ya ce miki ram ɗinta 16 ne. Lambar farko kaɗai ce ta gaskiya. Ta biyun aro ne a ke yi daga cikin rumbu, ba ta da saurin ta ainihi. Kamar mace ce ta ce tana da tukwane goma sha shida, ashe takwas na maƙwabta ne. Ki yi ciniki a kan lambar farko.

KAMARA DA FUSKA

Ke mai sayar da atamfa, kamara shago ce a gare ki, don abin da ta nuna shi mai ciniki zai gani. Amma yawan idanun da ke baya ba shi ne kyan hoto ba. A wayoyi da yawa ɗaya ce ke ɗaukar nauyin aikin, sauran 'yan rakiya ne. Haka nan lambar megafiksel, mai 108 ba lalle ta fi mai 50 ba. Gwaji shi ne alƙali. Ki tafi da ƙyallen atamfa mai ja da shuɗi, ki ɗauki hotonsa da wayar gwaji a cikin shago, ki kuma ɗauka a waje. Ki aza hoton kusa da ƙyallen. In ja ya koma ruwan goro, ko shuɗi ya koma algashi, bar ta, don gobe mai ciniki za ta dawo miki da kaya ta ce ba wannan ta gani ba. Ki ɗauki fuskar mai rakiyarki ma a inuwa, ki ga ko ta fito da kamanninta.

Fuskar wayar kuwa, watau sikirin, a rana a ke gwada ta. A cikin shago kowace waya amarya ce. Ki fito da ita bakin ƙofa da tsakar rana ki ga ko za ki iya karanta rubutu ba tare da kin kāre da mayafi ba. Ki kuma saurari ƙarar lasifikarta, don tsakar gida mai yara da daka da injin markaɗe ba wurin waya mai raɗa ba ne.

SABIS

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, mata da yawa suka koyi karɓar kuɗi ta waya, har mai fura da mai ƙuli-ƙuli. To, tura kuɗi da karɓa sai da sabis mai ƙarfi. Lalle wayar ta zama mai 4G. Mai shago zai yi miki kirarin 5G, wadda MTN ta fara a Nijeriya cikin 2022, amma har yanzu ƙarfinta a manyan birane ya ke. Kada ki ƙara kuɗi a kan abin da bai iso unguwarku ba, gara ki sa ƙarin a ram ko batir.

Ki tabbata tana cin layi biyu. Wannan ya fi zama tilas ga mutanen bakin iyaka, irin su Kongolam da Babban Mutum, waɗanda ke da dangi da abokan ciniki a Matamaye da Magarya da Damagaram, su na riƙe da layin Nijeriya da na Nijar. Su kuma kula, a bakin iyaka waya ta kan kama sabis na ƙetare da kanta, kati ya ƙare ba a san dalili ba. A sa wanda ya iya ya shiga setin ya tsai da ita a kan kamfani guda. Kafin ki zaɓi layin data kuwa, tambayi maƙwabta wane ne ke kamawa a cikin ɗaki, ba sai an hau katanga ba.

SHEKARUN WAYA

Kamar yadda haƙora ke faɗin shekarun tunkiya, haka waya ta ke da abin da ke faɗin nata. Ki tambayi shekarar da aka fito da irinta, da lambar Android da ke cikinta. Waya ta iya zama sabuwa fil a kwali, amma ta shekara uku a kan kanta, kwananta ya riga ya ragu. Abin da ya sa, manhajoji su kan daina aiki a tsofaffin wayoyi. Cikin Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Manhajojin banki su ma haka su ke yi lokaci lokaci.

Kamfanoni su kan riƙa aiko wa waya gyara ta intanet don toshe ƙofofin da 'yan damfara ke bi. Kowane kamfani da yawan shekarun da ya yi alkawari. Samsung, da ya fito da Galaxy A16 a ƙarshen 2024, ya yi alkawarin shekara shida. Waɗansu shekara biyu ko uku su ke bayarwa. Wannan ma abin tambaya ne. Ku kuma sani Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wurin gyaransu ma guda ne, sunansa Carlcare. Redmi kuwa ta kamfanin Xiaomi ce. Kowannensu yana da wayoyin tsaka-tsaki masu kyau, yana kuma da waɗanda ba su kai ba. Suna kaɗai ba ya isa shaida.

MAI GYARA KAFIN MAI SAYARWA

Wannan shawara da tsada na saye ta, ga ta na ba ku kyauta. In kin tsai da zuciya a kan waya biyu ko uku, ki aika a tambayi mai gyara na garinku kafin a je shago. Tambaya uku ce. Wace ce a ke yawan kawo masa da ciwo iri ɗaya? Nawa ne fuskarta in ta fashe? Ana samun kayanta nan kusa, ko sai an aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano an jira? Mai sayarwa ranar ɗaurin aure kaɗai ya sani, mai gyara shi ya san zaman gidan. Gidan da ke da yara kuwa, faɗuwar waya ba a cewa ko za ta faru, sai dai yaushe. Akwai irin fuskar da a ke kira amoled, tana da kyan launi ƙwarai, amma sauya ta ya fi na sauran tsada nesa. Gara ki sani tun yau.

TA HANNU DA TA BASHI

Wata za ta ce, me zai hana in sayi babbar waya ta hannu da kuɗin tsaka-tsaki? Ana dacewa, amma hatsarin da yawa. Batirinta ya riga ya sha aiki, ba garanti, ba ki kuma san abin da aka sauya a cikinta ba. Mafi muni, ta yiwu ta sata ce ko ta ƙwace. Kowace waya tana da lambarta ta kanta mai suna IMEI, da ita 'yan sanda ke bin sawu, wanda aka samu da waya a hannu kuwa shi a ke fara kamawa. Karɓar kayan sata laifi ne a doka. Ki dubi matar aure da 'ya'yanta a ce ana nemanta a ofishin 'yan sanda saboda ragin naira 30,000. Garin neman gira a rasa ido ke nan. In tilas sai ta hannu, to daga wanda kika sani, da kwalinta, da rasit na asali, a kuma cire asusun Google na mai ita a gabanki.

Akwai kuma masu ba da waya a biya kaɗan kaɗan. Kafin ki sa hannu, ki ɗauki alƙalami ki tara kuɗin farko da duk abin da za ki biya har ƙarshe, ki gwada da kuɗinta na hannu da hannu. Sau da yawa za ki ga ƙarin ba kaɗan ba ne. Ki kuma sani irin waɗannan wayoyi a kan kulle su daga nesa ranar da biya ya makara, ko da kuwa ranar ce ki ke jiran kuɗin ɗinkin Sallah. Mai adashi ta riga ta fi ƙarfin wannan. Ƙarin wata biyu na haƙuri ya fi shekara guda ta fargaba.

RANAR SAYE

In da hali, ki nemi izinin maigida ki je da kanki, da rakiyar wanda ya san kan abin. In babu hali, kada ki yi irin tawa. Rubuta wa ɗan aike a takarda: batir kaza, ram kaza, memori kaza, kuɗi kada su wuce kaza. A shagon kuwa ga abin da za a yi:

1. A je shago mai mazauni, wanda za a iya komawa gobe a same shi.

2. A duba kwali a ga ba a taɓa ɓanɓare hatiminsa ba, sa'an nan a buɗe shi a gaban mai shago.

3. A kunna waya a danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito. A gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, a ajiye waya a karɓi kuɗi.

4. A shiga setin, wurin bayanin waya, a ga ram da memori da idanu, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a kwali.

5. A sa layi a kowane gurbi a yi kira, a gwada caja, a gwada kamarar gaba da ta baya.

6. A karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar nan ta IMEI. A tambayi garanti. Galibi shekara ɗaya ne, waɗansu biyu, ba ya kuwa ɗaukar fashewa ko shiga ruwa.

7. A sa mata riga da gilashin kariya tun a nan, kafin a fito.

Kwali da rasit a adana su cikin akwati tare da takardun haihuwar yara. Ranar da za su yi amfani ba ta sallama.

LAYI YA FI WAYAR

Saura magana guda, ita ce kuwa mafi nauyi. Tun Disamba na 2020 Gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Mata da yawa har yau su na riƙe da layin da aka yi wa rajista da sunan ƙane ko ɗan maƙwabta. 'Yar'uwa, kuɗin bankinki a kan layin nan su ke, masu cinikinki shi suka sani. In ya ɓace, kamfani mai sunan zai nema, ba ke ba. Ki yi layinki da sunanki da NIN ɗinki. Haka nan 'yarki mai shirin jarrabawar JAMB, da layi a ke buɗe mata rajista, to ya zama nata ne, a kuma riƙe shi da kyau har ta shiga makaranta.

Ki sa wa wayar mabuɗi wanda ke kaɗai kika sani, kada ya zama shekarar haihuwarki. In za a kai ta gyara ko caji, ki cire layi da katin memori. Hoton da ba ki so bare ya gani, tun farko kada ya zauna a waya. Duk wanda ya kira ya ce daga banki ya ke, a faɗa masa BVN ko lambar da aka turo yanzu, ɓarawo ne, ko da ya kira sunanki da na mahaifinki. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Daga ƙarshe, tun da ni malama ce, ba zan rufe ba sai na roƙi abu guda. In waya ta zo hannu, a sa mata allon rubutu na Hausa. Manhajar Gboard tana da shi, da ƙ da ɗ da ɓ duka, don a daina rubuta wa mutane kofa a maimakon ƙofa. A kuma bar yara su riƙa karanta wani abu a cikinta, ba kallo kaɗai ba.

To, 'yar'uwata ta Sandamu, amsarki ke nan. Wata goma kika yi kina tara kuɗin nan, kwana uku na tambaya ba zai rage ki da komai ba. In kin saya, ki rubuto ki gaya mana wadda kika zaɓa da yadda kika same ta bayan wata shida, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa, ya tsare mu da asara, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.